Takardar da Na Saka a Cikin Ɗinkin Matata

Assalamu alaikum Edita, tare da duk masu bibiyar wannan shafi. Na daɗe ina karanta labaran da mutane ke aiko muku, kuma kullum sai in ce a raina nawa ba irin wanda ake faɗa ba ne, domin babu wanda ya cuce ni a cikinsa, ni ne na yi cutar. Yanzu da furfura ta cinye gemuna na ga gara in faɗa, ko wani zai tsira daga irin wautar da na tafka. Ba zan ambaci sunan kowa ba, don waɗanda abin ya shafa suna nan da ransu.

A lokacin ni malamin firamare ne a Kabo, asalina mutumin Gude, shekaruna talatin da 'yan kai, ina da mata da 'ya'ya biyu. Na kama aiki a zamanin tsuke bakin aljihu, lokacin da albashi ke zuwa idan ya ga dama, kananzir kuma sai an bi layi. Abokan aikina kowa ya nemi abin da zai haɗa da koyarwa, wani acaɓa, wani noman rani, ni kuwa na rungumi biro. Labaran soyayya nake rubutawa. Takarda ta yi tsada, don haka a bayan tsofaffin takardun jarrabawar yara nake rubutu, in haɗa su in ɗinke da zare. Guda ɗaya tak aka taɓa buga mini a Kano, wani ɗan siririn littafi, amma tun daga ranar na ɗauki kaina a matsayin wanda ya san zuciyar ɗan Adam. Ban da rubutu ina kiwon tattabaru a bayan ɗaki, ina kuma son rediyo. Sai dai babu abin da nake so kamar kallon mutane. Ranar kasuwa nakan zauna a bencin mai shayi tun hantsi har azahar, ina lura da yadda mai sayen akuya yake ɓoye cewa ta shiga ransa, da yadda tsohuwa ke dariya da rabin baki, in koma gida in rubuta a wani ƙaramin littafi da ba ya rabuwa da aljihuna.

Mutum ɗaya ne ya gagare ni karantawa, ita ce matata. 'Yar Gwarzo ce, daga gidan malamai. Mahaifinta yana da makarantar allo a ƙofar gida, yayanta kuma yana koyarwa a Islamiyya. Shekara bakwai muna tare ba mu taɓa yin faɗan da maƙwabci ya ji ba. Tana da kunya, tana da tsafta, ba ta da yawan magana. Matan da ke cikin labaraina sukan cika shafi uku suna bayyana abin da ke ransu, ita kuwa ko sau ɗaya ba ta taɓa buɗe baki ta ce tana sona ba. Idan na dawo za ta ce sannu da zuwa Malam, ta ajiye ruwa, ta koma aikinta. Sai na riƙa tambayar kaina, shin wannan so ne, ko biyayya ce kawai irin wadda aka koya mata a gida? Me take tunani idan ta yi shiru tana tsince shinkafa? Da a ce wani aka ba ta ba ni ba, haka za ta zauna da shi? Abin mamaki, duk tsawon wannan lokaci bai taɓa zo mini in zaunar da ita in tambaye ta ba. Na saba da gano mutane daga nesa, har na manta ana iya tambaya.

Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a a jiharmu ina cikin rubuta wani sabon labari. Ana ta ce-ce-ku-ce a kan littattafan soyayya a lokacin, wasu na cewa su ke lalata tarbiyya, ni kuma na ƙudurta zan rubuta wanda ko malami ya karanta zai ce gaskiya ne. Na kai wani babi inda wata matar aure ta samu wasiƙa daga mutumin da ba ta sani ba, sai na cije. Na rubuta ta fashe da kuka, na yage. Na rubuta ta jefa takardar a murhu, na ga kamar wasan yara. Wani abokina marubuci da na kai wa rubutun a Kano ya duba ya ce matan labaraina duk bakina ne a jikinsu, ban san mace ba. Maganar ta yi mini zafi, na yi kusan wata guda tana yi mini yawo a kai.

Ana saura mako uku babbar Salla na je karɓo ɗinkin matata. Telanmu wani bawan Allah ne mutumin Durun, yana da ɗan shago a bakin hanyar da mata ke bi zuwa Islamiyya. Mutum ne mai sanyin hali, yana da in'ina, shi ya sa ba ya son doguwar magana. Matata ba ta taɓa taka shagonsa ba, ni nake kai atamfa da tsohuwar rigarta ya gwada a kai. Ya ninke riga da zani ya sa a leda ya miƙo mini. A kan hanyar gida ne tunanin ya faɗo mini, kuma wallahi a lokacin ban ga komai a cikinsa ba sai dabara. Na ce ai ga mace a gidana, me zai hana in gani da idona? Na karkata zuwa makaranta, babu kowa, na zauna a aji na yagi takarda. Na fara tsara maganar a ƙaramin littafina, sannan na kwafe ta da manyan baƙaƙe, ina karkata hannu don kada ta gane rubutuna. Babu batsa a ciki. Na rubuta cewa wani ne da ya daɗe yana ganin wucewarta, natsuwarta ta hana shi sukuni, ya san ba shi da iko a kanta, yana so kawai ya san ko tana cikin farin ciki. Ban sa suna ba. Na cusa takardar a cikin ninkin rigar na mayar leda. Ko kaɗan tunanina bai kai ga cewa duk wanda ya tsinci takarda a cikin ɗinki tela zai fara zargi ba. Hankalina gaba ɗaya yana kan fuskar da zan gani.

Na miƙa mata ledar bayan la'asar, na ce zan duba tattabaru. Daga inda tukwanensu suke ana hango ƙofar ɗakinta. Na watsa musu dawa ina satar kallo. Ta zauna a bakin gado ta zare rigar, takardar ta faɗo a cinyarta. Ta buɗe, ta karanta. Na ƙirga a raina, sau biyu ta bi ta daga sama zuwa ƙasa. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi salati da ƙarfi ba. Ta ninke ta ƙanana, ta ɗaure a bakin zaninta, ta mayar da ɗinkin cikin leda ba tare da ta gwada ba, ta fito ta ci gaba da tankaɗen garin tuwo. Abu ɗaya na lura da shi, ta tankaɗe garin da ta riga ta tankaɗe. Na shige bayan ɗaki na rubuta wannan da sauri, raina fari ƙal, ina cewa ga abin da ba zan taɓa ƙirƙirowa da kaina ba.

Niyyata ita ce da zarar ta kawo mini takardar in yi dariya in gaya mata gaskiya. Amma ba ta kawo ba. Washegari miya ta yi gishiri. Rana ta biyu ta ce kanta na ciwo ba za ta je Islamiyya ba, ita da ko ruwa ake yi sai ta je. Na ga ta daina leƙa zaure ko da mai tallan kayan miya ya yi sallama. Duk ina rubutawa. A rana ta uku sai wani abu ya fara sauyawa a cikina. Na fara tambayar kaina me ya sa take ɓoye mini. Idan babu komai a ranta, me ya hana ta nuna wa mijinta? Ko maganganun sun yi mata daɗi ne? Ko akwai wanda take zaton shi ne? Edita, ka ji ikon Allah, ni na rubuta wasiƙar da hannuna, amma ga ni ina kishin wanda ya rubuta ta. Na fara amsa gaisuwarta a daƙile. Na ce to bari in ƙara jira in ga iyakarta.

Rana ta huɗu ta nemi izinin zuwa Gwarzo gaishe da Inna, wato mahaifiyarta. Na ce ta je. Tana fita da yara na birkice ɗakinta, ƙarƙashin katifa, cikin kwalla, bayan madubi, babu takarda. Ɗinkin ma babu shi. Na zauna a tsakar gida na rasa abin da ke yi mini daɗi. Duk da haka ban bi ta ba.

Bayan kwana biyu ina cikin aji sai hedimasta ya leƙo ya ce in je zauren mai unguwa ana nemana, ya kuma dafa kafaɗata ya ce in yi haƙuri, kowane mai iyali yana gamuwa da jarrabawa. Ban gane ba sai da na hango babur ɗin yayan matata a ƙofar zauren, ga mutane sun yi cirko-cirko a waje. A ciki akwai mai unguwa, da limamin masallacinmu, da yayan nata, da wasu mutum uku daga cikin 'yan sa kai da ke lura da tarbiyyar unguwa tun da aka fara Shari'a. A tsakiyar tabarma ga telan a durƙushe, awon ɗinki na rataye a wuyansa, da alama daga kan keke aka taso shi. A gabansa ga ledar, ga takardata a shimfiɗe.

Yayan nata ya ja ni gefe ya yi mini bayani cikin tausasawa. Ya ce ƙanwarsa ta zo gida ta kasa cin abinci, da ƙyar Inna ta sa ta faɗi abin da ke damunta. Ya ce sun so su gama bincike kafin in ji, don kada zuciya ta ɗebe ni in yi abin da za a yi da-na-sani. Ya yaba mata, ya ce in gode wa Allah da ya ba ni mace mai tsoronsa. Ina jin sa ina gyaɗa kai.

Telan ya yi ta rantsuwa. In'inarsa ta tsananta, kalma ɗaya sai ya yi ta fama kafin ta fito, wasu a waje har suna dariya. Ya ce shi bai taɓa ganin fuskar matar ba, Malam ne ke kawo ɗinki, ga shi nan a tambaye shi. Aka juyo gare ni, na ce haka ne. Aka ba shi biro ya rubuta wani abu a gani, ya rubuta sunansa da lambobin awo, a karkace, domin iyakar bokonsa ke nan. Ɗaya daga cikin 'yan sa kan ya ce wannan ba hujja ba ce, ai ana ba wani ya rubuta, kuma shagonsa a kan hanyar matan yake, wa ya san tun yaushe yake leƙensu? Liman ya ce a bi a hankali, zato ba ya zama shaida. Aka yi ta ja-in-ja har aka kira azahar. Mai unguwa ya ce a watse, a dawo gobe da hantsi, idan ba a warware ba sai a miƙa maganar gaban alƙali.

Wannan ita ce ranar da ta fi kowace rana nauyi a rayuwata, kuma ba don abin da na yi ba, sai don abin da na ƙi yi. Kalma huɗu kacal ake buƙata daga bakina, ni ne na rubuta. Sau uku ina buɗe baki. Sai in dubi yayan matata, in dubi iyayen yaran da nake koyarwa a bakin ƙofa, in tuna yadda za a yi da ni a gari, in haɗiye. Na riƙa lallashin kaina cewa babu shaida, gobe za a sallame shi, maganar ta mutu, babu wanda ya san komai. Da yamma na bi ta gaban shagonsa. A rufe yake rabi, ga mutane uku a tsaye sun zo karɓar yadin iyalansu ba a ɗinka ba, ana saura kwanaki Salla, lokacin da tela ke samun abin da zai ci na watanni. Na ji wani yana cewa dama shiru-shirun nan nasa bai taɓa kwanta masa ba. Na sunkuyar da kai na wuce.

Da asuba a masallaci na gan shi a ƙarshen sahu, an bar tazara tsakaninsa da na kusa da shi. Bayan an sallame na yi sauri in fita, sai na tarar da shi yana jirana a wajen takalma. Na ɗauka zagi zai yi ko roƙo. Ya gaishe ni har da tambayar yara. Sannan ya ce, yana tsayawa a kan kowace kalma, "Malam, ban yi ba. Amma na san abin da kake ji a ranka. Da ni ne, ban san ko zan iya haƙurin da ka yi jiya ba. Allah ya saka maka."

Ya juya ya tafi. Na tsaya da takalmi ɗaya a ƙafa. Mutumin da na jefa a rami yana yaba haƙurina. Ban koma gida da niyyar komai ba sai ɗauko ƙaramin littafin nan.

Da aka taru da hantsi, kafin mai unguwa ya buɗe taro na ce ina da magana. Na buɗe shafin da na fara tsara wasiƙar, da gyare-gyarenta da inda na soke, na ajiye kusa da takardar. Na buɗe shafukan da ke biye, inda na rubuta gishirin miya da tankaɗen gari. Na faɗi komai, tun daga babin da ya gagare ni har zuwa ajin da na zauna. Yayan matata ya ɗauki littafin ya karanta a hankali. Ya ce da ba don darajar 'ya'yan ƙanwarsa ba, shi da kansa zai kai ni gaban alƙali, domin na ɗora zargi a kan mutum biyu da ba su ji ba ba su gani ba. Liman ya yi ta maimaita innalillahi. Mai unguwa kuwa, wani dattijo ne mai sanyin murya, ya daɗe yana kallona kamar yadda nake kallon mutane a kasuwa, sannan ya ce, "To Malam, tunda bincike ka yi, me ka gano?"

Telan bai yi fushi a fili ba. Tambaya ɗaya ya yi mini, ko jiya da ake tuhumarsa ina sane. Na ce ina sane. Ya ce da asuba ma da ya tsayar da ni? Na ce har da asuba. Ya gyaɗa kai, ya miƙe, ya yi wa mai unguwa sallama ya fita. Aka yanke cewa zan tsaya bayan sallar magariba a masallacin unguwa in wanke shi da bakina, kuma na yi, kwana uku a jere. Sai dai labarin farko ya riga ya isa Durun, ya isa Gwarzo, ya shiga gidajen da gyarana bai taɓa shiga ba.

Matata ba ta dawo ba. Na yi Salla ni kaɗai, na ci tuwon gidan maƙwabci da kunya. Sau biyu ina zuwa Gwarzo ana ce mini Malam babba, mahaifinta, ba ya nan, alhali ina jin muryarsa yana biya wa manyan ɗalibai karatu. A zuwa na uku ya sa aka shigar da ni. Na durƙusa na ce Baba, na zo neman gafara. Bai ɗaga murya ba. Ya ce ya ji ni mai son sanin abubuwa ne, kuma son sani ba laifi ba ne, shi ma da shi ya tsufa a kan littattafai. Amma shi a iya karatunsa, idan ɗalibi yana son sanin abu, wajen mai abin yake zuwa ya durƙusa ya tambaya, ba ya haƙa masa rami ya laɓe ya ga yadda zai faɗa. Ya tambaye ni, a shekara bakwai, me na taɓa tambayar 'yarsa ban da ina hulata, me aka dafa? Ya ce ba zai tilasta mata komawa ba, ba zai kuma hana ta ba. In shiga mu yi magana.

Na same ta a ɗakin Inna, ta rame. Ta gaishe ni kamar kullum, ta kawo ruwa. Na ba ta haƙuri iya yadda na iya, sannan, saboda halin nan nawa bai sake ni ba ko a wannan wuri, na tambaye ta abin da ya hana ta nuna mini takardar. Da ta fara magana kuwa, ranar ce na fara jin ta yi doguwar magana tun da aka kawo ta gidana. Ta ce da ta karanta takardar ji ta yi kamar an watsa mata ƙazanta, ta yi ta binciken kanta, ko tafiyarta ce, ko mayafinta ne, ko ta taɓa ɗaga ido inda bai kamata ba. Ta ce ta ji tsoron in je in yi wa telan illa a ɗaure ni, ta kuma ji tsoron in dube ta da wani ido har abada. Duk da haka a rana ta biyu ta yanke shawarar gaya mini. Ta kwance bakin zaninta, ta taho da takardar a hannu.

"Na zo bakin ƙofa," in ji ta, "sai na ga kana kallona kana rubutu, kana murmushi. Na ce wannan in na gaya masa, a littafi zai sa ni. Sai na koma."

Ta ce ta daɗe da sanin ina rubuta ta. Tana ganin yadda nake binta da ido idan tana aiki, kamar yadda nake bin tattabaruna. Ta ce ba ta taɓa jin haushin rubutuna ba, har tana alfahari idan matan Islamiyya suka ce mijinta ne ya yi littafi, amma ta gaji da zama abin kallo a gidanta. Ta ce, "Kallona kake yi, Malam, ba ka tambayata." Daga nan ta faɗi wani abu da ya sa na rasa ko dariya zan yi ko kuka. Ta ce ita fa ba ta son tattabarun nan ko kaɗan, suna ɓata mata shanya, ƙaiƙayinsu na sa ta atishawa, amma duk ranar da na tafi Kano ita ke ba su dawa da ruwa, har ta san wadda ba ta cin abinci idan ba a ware mata ba. Ta ce in ina neman abin rubutawa, me ya sa ban rubuta wannan ba?

Sai da ta yi wata biyu da kwanaki kafin ta dawo, kuma da sharaɗin ƙaramin littafin nan ba zai sake shiga tsakar gida ba. Na yi shekara uku ban rubuta ko layi ɗaya na labari ba. A cikin shekarun nan na koyi wani abu da ya fi rubutu wuya a gare ni, wato in yi tambaya in kuma yi shiru in ji amsa. Da farko abin ya zo mana bambarakwai, in tambaye ta me take so, ta dube ni kamar baƙo. Sannu a hankali ta saki jiki. A nan na san cewa tun tana yarinya take tsara waƙoƙi da ajami, waɗanda yara mata ke rerawa ranar saukar karatu a makarantar gidansu, kuma wasu daga ciki na sha jin su a Gwarzo ban san nata ba ne. Na san tana son shirin tarihin garuruwa a rediyo, ni kuma kullum lokacinsa nake murɗawa zuwa labaran duniya. Na san burinta ta ga teku da idonta ko sau ɗaya, don ta kasa yarda akwai ruwan da ba a hango ƙarshensa. Na san tana son shuka, sai na rage tukwanen tattabaru na bar mata wurin, ta cika shi da zogale da na'ana'a da lalle. Ta koya mini karanta ajami da kyau, tana yi mini dariya idan na yi tuntuɓe. Ashe duk shekarun da nake yawon kasuwa neman mutum mai ban mamaki, ina barin wanda ya fi su a gida yana wanke mini kwano.

Telan bai ƙara shekara a Kabo ba. Ciniki bai koma yadda yake ba, maza da yawa sun daina kai masa ɗinkin iyalansu, ko da sun ji gaskiyar, wai don a zauna lafiya. Ya kwashe kekensa ya koma Durun, yana noma yana ɗinkin kayan maza. Na je har can sau da dama. A zuwa na farko ya ƙi fitowa, a na biyu ya fito ya ce ya yafe, ya kuma roƙe ni kada in ƙara tayar da maganar a gaban 'ya'yansa. Muna gaisawa har yau idan mun haɗu wajen jana'iza ko ɗaurin aure, amma bai sake tambayata yara ba.

Abin da nake so masu karatu su ɗauka, musamman matasa masu sha'awar rubutu da sababbin ma'aurata, shi ne kada ka taɓa gwada wanda ke zaune da kai da amana. Ko da sunan wasa, ko da sunan bincike, ko don ka ga iyakar son da yake yi maka. Gwaji ba ya nuna maka zuciyar mutum, tsoronsa kawai yake nuna maka, kuma kai ma sai ya fito da abin da ba ka san yana cikinka ba. Idan kana son sanin abin da matarka ke so, tana nan kusa da kai, tambaye ta, ka jure idan amsar ba ta zo a ranar ba. Sha'awarka ta rubutu ko kiwo ko wani abu daban halal ce, amma mutanen gidanka ba kayan aikinta ba ne. Idan kuma ka riga ka yi kuskuren, ka faɗi gaskiya a zaman farko, kada ka bari ta kwana. Ni kwana ɗaya na jinkirta, kuma a cikin kwana ɗayan nan ne aka kwashe yadi daga shagon bawan Allah. Matata ta yafe mini, Allah ya ba mu zaman da ban cancanta ba. Amma har yanzu, bayan duk shekarun nan, nakan zauna a cikin mutane a ambaci telan, wani ya ce ai shi ne wanda ya rubuta wa matar malami takarda. Kowane lokaci sai na tsayar da hirar na ce ba shi ba ne, ni ne. Wasu su yarda. Wasu kuma su dube ni da tausayi, su ce Malam mutumin kirki ne, har yau yana rufa masa asiri.